Rasuwar Mai Gurnani, Akwatin Jitar Maliki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoro, ni Maliki Ɗanmusa, makaɗin jita na Sabon Birni, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Gurnani, ɗan akwatin nan da nake takawa da ƙafa muryar jitata ta yi kauri. Ya rasu jiya Litinin da hantsi a ƙofar gidan mai unguwa Labbo, a ƙarƙashin taɓarya, yana da shekara uku. Ni na riƙe taɓaryar, kamar yadda aka umarce ni.

An haife shi a Isa, a rumfar Na'Allah mai gyaran rediyo. Gwangwanin kifi ne jikinsa, hanjinsa kuwa taransista biyu ne da muka ciro daga wata matacciyar rediyo muka liƙe da dalma. Marigayin bai san girman kai ba. Duk rayuwarsa a ƙasa ya yi ta, ana taka shi, bai taɓa ƙorafi ba. Ya raka amare daga Bafarawa har Burkusuma a ɗaure bayan babur. In na taka shi ya ce "gurrr", tsofaffin da suka rantse ba sa son kiɗan zamani sai ka gan su suna kaɗa kai, suna cewa ai goge ne ya yi mura.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bana, da damina ta ƙi zuwa. Da fari tsaki ne, "sssss", daga baya ya koma "zuuu" ko ban taɓa tsirkiya ba. Na sauya batir. Na rage tsawon wayoyi, na sake liƙe kowace gaɓa, na shimfiɗa masa takardar azurfa ta kwalin taba a ciki. In na ɗora hannu a kan tsirkiya ya yi shiru, in na ɗauke ya dawo. Sai wata rana da azahar, ina zaune ni kaɗai a ɗaki, ya yi magana. Muryar namiji ce, can ƙasa-ƙasa, ta ce "bonjur". Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida da takalmi ɗaya ba.

Na'Allah ya yi mini dariya har da hawaye. Ya ce ba aljani ba ne, tashar rediyo ce ta Nijar mai magana da Faransanci wayar take kamowa. Maganin, in ji shi, a haɗa marigayin da ƙasa: in kafa ƙarfe a bayan ɗaki, in ja masa waya daga jikin gwangwanin. Ya ƙara da cewa busasshiyar ƙasa ba ta shan ƙara, sai na riƙa jiƙa gindin ƙarfen.

Haka na yi. Kowace safiya ina tare ruwan alwalata a kwano in je in zuba. Marigayin ya samu sauƙi, na yi murna, na manta shekarar da muke ciki. Gero ya ƙone sau biyu a gona, an fita roƙon ruwa sau uku, an hana kiɗa a gari. Shekaranjiya Hajo maƙwabciyata, wadda ta yini a layin rijiya ta dawo da rabin tulu, ta leƙo ta kan danga. Ta ga namiji durƙushe yana shayar da ƙarfen da aka kafe a ƙasa, waya ta bi ta shige ɗakinsa, ɗakin da dama aka ce ana jin wani yana magana a ciki da harshen da ba namu ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma da a gidan wani na gani, cewa za ni yi ga wanda ya ɗaure ruwan sama.

Washegari aka tuge ƙarfen, aka tasa mu gaba ni da marigayin har ƙofar mai unguwa. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce a kira Na'Allah, aka ce ya tafi Maraɗi, ba a san ranar dawowarsa ba. Mai unguwa ya ce in taka shi a gaban jama'a kowa ya ji gaskiya. Na taka ina addu'a a zuci ya yi gurnaninsa na da. Ya yi tsaki, sannan ya ce "bonjur" a gaban kowa. Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Nan take dattawa suka ce shi ya ɗaure ruwan, aka miƙo mini taɓarya.

Ya rasu ya bar jita ɗaya mai tsirkiya biyar, da lasifikar da ba ta ƙara buɗe baki ba, da batir biyu masu sauran rai, da ni.

Za a binne shi gobe Laraba da hantsi a bayan gari, hanyar Alkalawa, inda babu gonar kowa kusa. Ba za a yi masa wanka ba, kowa ya san dalili. Ina roƙon duk wanda ya taɓa takawa da muryarsa ya zo ya duba cikinsa da idonsa kafin a rufe, ya shaida waya ce da dalma, babu laya, babu gashi. Wanda ya san masaukin Na'Allah a Maraɗi, don girman Allah ya aika masa yau.

Zaman makoki a ɗakina ne, ƙofa a kulle. Mai zuwa ta'aziyya ya faɗi sunansa tun daga waje. Dattawa sun ce za su jira zuwa Juma'a su ga ko kashe shi ya kwance ruwan. Tun safe nake leƙen gabas ta taga, sama fes take kamar an share ta. In Juma'a ta wuce a haka, sanarwa ta gaba ba ni za ni rubuta ta ba.