Boga Tweneboa da Alawar da Ba Ta Kama Manya

Garinmu Odumkrom ya daɗe yana jiran babban mutum, sai Allah Ya ji tausayinmu Ya dawo mana da Kwabena Tweneboa daga Holan. Duk wanda ya je Turai ya dawo Boga muke ce masa, amma sauran bogogin ƙananan alhaki ne in aka jera su da namu. Shi kaɗai ne ke sa kwat mai gashi a wuya a cikin zafin ƙasar Asante, gumi na tsiyaya ta haɓarsa, yana cewa jikinsa bai gama sabawa da Afirka ba. Yaren Twi da ya sha a nono ya ɗan zame masa, ba ya dawowa sosai sai in zai zagi wani.

A allon ƙofar gidansa an rubuta Dakta. Mahassada na cewa faranti ya wanke a wani shagon da ake sayar da wiwi a can, har hannunsa ya yi fari. Mu dai ba mu je ba, kuma mutumin da ke da allo ai ya fi mu sani.

Asibitin Dakta shi ne ɗakin girkin matarsa, Maame Dufie. A nan yake haɗa abin da ya sa wa suna Alawar Natsuwa: madarar gwangwani, sukari, kwakwa, da man shanun da ya sha ganyen wiwi har ya koma kore. Yakan sa farar riga irin ta likitoci, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya tsaya kan tukunya da muciya yana ba da umarni, ko da shi kaɗai ne a ɗakin. Ba ya awo. In Dufie ta ce ganyen yau kamar ya fi na jiya, sai ya ɗaga yatsa.

"Dufie, awo na 'yan koyo ne. Hannun nan da kike gani, Turawa sun tsaya sun kalle shi."

In ta sandare sai ya yanka ta ƙanana, a naɗe a takarda mai ƙyalli. Direbobi na saye, masu haƙar zinariya na saye, har da wasu dattawan coci da ke aiko cewa ta ciwon gwiwa suke so. Kowa ya zo sai ya sha wa'azi kafin a miƙa masa.

"Ka ci rabi, ka jira. Abin nan ba taba ba ce da za ka ji ta nan take. Tana tafe a hankali, sai ka manta da ita za ta yi maka sallama. Rabi, ka jira. Jahilci ne ke kashe baƙar fata."

Shi kansa bai taɓa sa ta a baki ba. Dalilinsa kuwa mai kyau ne: ya ce asara ce, don irinsu ba ta kama su. Ƙwaƙwalwar da ta ga dusar ƙanƙara ta wuce alawa. Ranar da wani direba ya ci biyu ya ajiye motarsa cike da fasinja, ya zauna bakin hanya yana ba wata akuya haƙuri, Boga ya yi mako yana ba da labarin, yana girgiza kai saboda raunin mutanenmu.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Kowa na ce masa Boga, wasu Dakta, amma babu mai ce masa Nana, laƙabin da muke kiran masu sarauta da shi. Yana son kujerar Sarkin Ci-gaba, wadda sarkinmu Nana Agyekum ke bai wa mutumin da ya yi wa gari hidima. Yana son laima, yana son tambura, yana son takalman sarauta masu zinariya a kai. Sai ya shiga hidima gadan-gadan. Ya yi wa bangon makaranta fenti, aka zana fuskarsa a jiki har ta rufe taga ɗaya. Ya kafa fitilar titi guda, ta faɗo daidai ƙofar gidansa. Dattawa suka duba fenti, suka duba kwalaben giyar da ya aika musu, suka ga lallai ci-gaba ya zo.

Aka turo Okyeame Bediako, kakakin sarki, ya koya masa rantsuwa da dokokin kujera. Tsoho ne mai haƙuri, ya sa masa abin a baki dalla-dalla.

"Ɗana, in ka zo gaban Nana za ka sauke mayafinka zuwa ƙugu, ka karɓi takobi. Za ka zare ƙafarka daga takalmi don girmamawa, amma ka taka a kan takalmin. Tafin ƙafar mai sarauta ba ya taɓa ƙasa. Ka san ko sarki za a tsige, takalmansa kawai ake cirewa. Sannan mai kujera ba ya cin abinci a gaban jama'a, ko gyaɗa ɗaya ce."

Boga na latsa waya, ya amsa masa da Wofa, wato kawu. "Wofa, na ji. Ni da na sha hannu da magajin gari a Turai, tsayawa kan takalmi ne zai gagare ni?"

Rantsuwar ma ya ce a bar ta, za ta zo masa da kanta.

Ranar naɗi ta zo, rantsuwa ba ta zo ba. Tun da safe tambura ke tashi a dandali, Boga na zaune a ɗaki cikin mayafin kente mai nauyi, saƙar sarauta ta Asante. Ya fara layin farko, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Can idonsa ya faɗa kan farantin alawar da ya yi wa masu haƙar zinariya, wadda ya sa wa suna Ta Manya, don ranar da ya haɗa ta hannunsa ya yi kyauta ƙwarai.

Ya ɗauki guda, ya cinye ta ɗungurungum. Ya zauna ya saurari kansa. Shiru. Ya ƙara ɗaya. Dufie ta shigo da takalman sarauta ta same shi yana warware ta uku.

"Maigida, ina rabi? Ina jira?"

"Wannan dokar ta talakawa ce. Kuma alawar nan lami ce. Ke kika taɓa min ganye, ko?"

"Ni ban taɓa komai ba. Hannun da Turawa suka kalla ne ya zuba."

Ya cinye don ya nuna mata, ya lashe takardar, ya sa takalma. Samari suka shigo suka ɗauke shi a kafaɗa, mata na watsa masa farar hoda suna kaɗa ƙyallaye. Duk tsawon hanya lafiya ƙalau yake, yana ɗaga hannu, yana duba ko laimar ta kai girman da ya biya. Har ya leƙo ya ce wa Dufie, "Kin gani? Ko gezau."

A dandali gari ya cika. Nana Agyekum na zaune ƙarƙashin babbar laima, dattawa dama da hagu, ga limaman coci da ɗan sanda mai tsaron taro, waɗanda duk suka yarda cewa Dakta maganin gwiwa yake sayarwa. Aka sauke Boga. Ya sauke mayafi zuwa ƙugu, ya karɓi takobi, ya zare ƙafafunsa ya taka kan takalma yadda aka koya masa. Okyeame Bediako har ya yi ajiyar zuciya.

A daidai nan alawa, baƙuwar da ya manta da ita, ta yi sallama.

Boga ya ɗaga takobi zai nuna sarki, sai ya tsaya yana kallon mariƙin. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Ya daɗe yana kallo, har mai tambari ya rasa abin da zai buga.

"Nana," in ji shi a hankali, "ka taɓa kallon abin nan da kyau kuwa? Wanda ya ƙera shi yana da zurfin tunani."

Okyeame ya matso ya raɗa masa farkon rantsuwa: in ka kira ni da rana, in ka kira ni cikin ruwan sama, zan zo.

"In ka kira ni da rana," Boga ya maimaita. "To, in ka kira ni ina wanka fa? Wofa, ba ku yi tunanin wannan ba." Sai dariya ta kama shi. Ba irin ta manya ba, wata siririya ce da ke fita ta hanci, tana tsayawa tana dawowa.

Da ya tsaya nan, da dattawa sun rufa asiri sun ce kakanni ne suka sauka a kansa. Amma sai ya dubi ƙasa. Adon zinariyar takalmin na sukar tafin ƙafarsa, ga rana ta gasa shi. Gefe kuwa ga jar ƙasa da aka yayyafa wa ruwa saboda taro, tana ƙamshi. Okyeame ya ga inda idonsa ya nufa, ya ce, "Kwabena, kar ka soma." Boga ya ɗaga ƙafar dama, ya sauke ta a ƙasa. Ya bi ta da ta hagu. Ya nutsa yatsunsa ciki, ya lumshe ido.

"Nana, sauko ka ji. Ƙasar nan taka da sanyi take."

Tambura suka mutu. Wata tsohuwa daga danginsa ta ɗora hannu a ka. Ni da nake tsaye kusa da Dufie, ita na ji wa ciwo, don ta ɗinka sabon zani irin na matar mai sarauta, ta gayyato 'yan'uwanta tun daga Kumasi. Ba ta yi kuka ba, ta dai ciji leɓe.

Shi kuwa gogan yunwa ce ta taso masa, irin wadda masu sayen alawarsa suka sha ba shi labari yana musu dariya. A bakin dandali akwai wata mai gasa agada, babbar ayabar nan, da gyaɗa. Ya saƙale takobin rantsuwa a hamata, ya ratsa tsakiyar taro ƙafa ba takalmi, mayafi na jan ƙasa, ya tsuguna gaban murhunta. Ya ci agada a gaban sarki, a gaban dattawa, a gaban ɗan sanda. Ya ce a ƙara gyaɗa. Da baki cike ya juyo ya yi wa gari jawabin da ya daɗe yana tanadi.

"Jama'ar Odumkrom, ci-gaba ba gudu ba ne. Ci-gaba natsuwa ne."

Okyeame Bediako ya tako gaba. Ya sunkuya ya ɗauki takalman nan biyu da aka bari su kaɗai a gaban sarki, ya kaɗe su, ya miƙa wa wani bafade. Aka zare takobi daga hamatar Boga, bai ma lura ba. Aka naɗe laima. Samarin da suka kawo shi a kafaɗa su suka mayar da shi, sai dai wannan karon biyu ne a hannu, biyu a ƙafa.

Ya yi barci har hantsin washegari. Kafin ya farka an riga an aiko cewa ya kawo rago a yanka don wanke dandali, yara kuma sun fara bi ta ƙofar gidansa ƙafa ba takalmi suna cewa ƙasa da sanyi.

Ya buɗe ido ya ga mayafin kente a jikinsa, ya ga rana ta taga, ya yi zumbur ya miƙe. Dufie na bakin ƙofa tana ɓare rogo.

"Dufie, ban faɗa miki ba? Alawar nan ba ta da ƙarfi, ɗan gyangyaɗi kawai ta sa ni. Miƙo min takalman sarautata kar mu makara, Nana na jira."

Ba ta ɗago kai ba. Ta miƙa ƙafa ta turo masa tsofaffin silifas ɗinsa na wanka, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya.

"Ga su nan, ranka ya daɗe. Waɗannan ko ka cire su, babu mai cewa komai."