Kwana Tara Ina Koci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so, da kakar da na zama kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu, can gefen Ƙanƙara. An lallasa mu sau huɗu a jere, kuma kullum a teburin mai shayi gardamar ɗaya ce: 'yan wasa ne ba su iya ba, ko koci ne? Ni, malamin firamare mai kallon ƙwallon Turai a waya, na fi kowa zaƙewa. Na rantse yaranmu gwanaye ne, Malam Idi koci ne ke kashe su. Mutumin da ranar Juma'a, maimakon atisaye, sai ya kwashi 'yan wasa ya nufi gona da su! (Rabona da taɓa ƙwallo tun ina aji uku, shi ma raga aka ba ni saboda ƙiba.)

Wata safiya ina ta zuba, ashe Malam Idi na bayana yana shan shayinsa. Ya cire usur daga wuyansa ya rataya mini.

"To Malam, ga shi. Asabar ta sama muna da wasa a Sheme. Allah shi ba da sa'a."

Wayyo daɗi! Na sayi hular hana-sallah, na samo ƙaramin allo na cika shi da kibiyoyi, wannan ya bi nan, wancan ya ɓullo can. Har matata na sa ta riƙa kirana Koci. Dokata ta farko kuwa: an soke zuwa gona ranar Juma'a, mu ƙwararru ne yanzu.

Asabar ta zo, mota ta tsaya a tasha, na ƙirga 'yan wasa: bakwai. Babu Lawwali mai ci mana ƙwallo, babu mai tsaron raga. Na hau mashin a guje zuwa gidan su Lawwali, na tarar da mahaifinsa a zaure.

"Baba, ina Lawwali? Yau hwa wasa!"

"Shina gona shina yankan dawa. Kai ka zo ka roƙe ni shi? Idi tun Laraba yake zuwa, shi zamna mu gaisa. Ranar Juma'a shi kawo mini yaran duka su yi mini gayya, sannan in saki ɗana. Kai mi ka kawo, allo?"

Ashe gonar nan da nake yi wa dariya ita ke fitar da 'yan wasa daga hannun iyayensu.

Da ƙyar muka lallaɓi direba da 'yan kallo biyu suka sa riga, muka zama goma. Na sha ɗayan ni ne. Rigar da ta rage ta tsaya mini a saman cibiya, haka na shiga fili a gaban mutanen Sheme kaf.

Minti bakwai na yi. Ƙwallo ta gangaro gabana a hankali, ba kowa kusa, na tattara ƙarfin shekara arba'in na kai mata bugu. Ƙwallo na nan inda take. Takalmina ne ya tashi sama ya sauka a farantin mai gyaɗa, ni kuma na zube da baya, jijiyar cinya ta riƙe. Fili ya ɗauka: "Koci! Koci! Koci!" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Shida da nema aka ci mu. Wanda ya ratso jama'a ya ɗaga ni ya ɗora a bayan mashin ɗinsa, Malam Idi ne. Da muka yi nisa, sai ya ɗan waiwayo.

"Malam, ni ba wani gwani ba ne, yaran ma haka. Amma dai kullum muna cika sha ɗaya."

Tun ranar na koyi abu ɗaya: kafin ka ce mutum bai iya aikinsa ba, fara tambaya mene ne aikin. In ka ƙi, cibiyarka ce za ta yi bayani a bainar jama'a.