Rasuwar Birkin Gaba na Kekena

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da hannun dama naɗe cikin bandeji, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Birkin Gaba na kekena mai hawa tudu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kwana ta biyu ta babban gangare, bayan shekara tara yana riƙe da raina.

Ni ma'aikacin ƙaramin asibiti ne. Ni ke kai allurar rigakafi gidajen da ke bayan tudu, inda mota ba ta shiga. Duk jaririn da aka yi wa allura a can, marigayi ne ya sauko da ita lafiya.

Baba mai gyaran keke ne ya zaɓa mini shi, shi ya ɗaura shi. Ya ɗauko mai dogayen hannuwa don ya tsallake ƙatuwar taya. Ya saita robobinsa biyu su kama rim daidai, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ba su taɓa taya ba, ba su zame ƙasa ba. Ya cusa guntun kwali a bayan kowace roba kafin ya ɗaure noti, don bakinta na gaba ya riga kamawa. Da ya gama ya ce, "Ɗana, wannan ba zai ba ka kunya ba, sai dai kai ka ba shi."

Marigayi mai kawaici ne. Da rani ba ya cewa komai sai "shhh". In ruwa ya jiƙa shi yakan ce "ƙiii" sau ɗaya, ya koma bakin aikinsa. Bai taɓa kifar da ni ba, ko ranar da tunkiya ta faɗo mini hanya.

Ciwon ajalinsa ya fara da sifirin na hagu, ƙarfen da ke janye roba daga rim. Roba ɗaya ta riƙa gogar rim, ɗayar tana nesa kamar sun yi faɗa. Ya yi wata uku yana nishi, ni kuwa kullum sai in ce gobe. A nan na ba shi kunya. Ranar Talata na matsa shi, ya ce "ƙas", hannun birki ya taho har ya taɓa ƙahon keke. Na ja na baya, taya ta zame, na tsinci kaina cikin shingen waya. Akwatin allura ya buɗe, kwalba goma sha ɗaya suka fashe. Mata goma sha ɗaya suna zaune a inuwa da goyonsu suna jirana har azahar.

Ya rasu ya bar ƙaninsa Birkin Baya, wanda bai taɓa tsai da keke shi kaɗai ba. Ya bar wayar birki mai tsatsa, da robobi biyu da suka cinye har ƙarfe ya fito. Ya bar ni.

Na nemo magada uku. Na farko hannuwansa gajeru ne, waya tana kwanciya a kan taya. Na biyu bai jitu da hannun birkina ba, in na matsa sai ka ce soso nake matsawa. Na uku ya shiga, amma na kasa saita shi. In na daidaita dama hagu ta kauce, kukansa kuwa har makwabta sun leƙo. Na kai wa Baba, na tarar yanar ido ta rufe masa gani. Ya shafa rim da yatsa ya ce, "Rim ɗin ma ya fara rami. Kawo mini mai kyau, ni in faɗa, kai ka ɗaura."

Shugabar asibiti ta ce ranar Litinin za a sake ba ni akwati, in ban kai ba a nemi wani. Matata ta ɗaure keken da kwaɗo a jikin taga, ta ce, "Maigida, gara ka rasa aikin da mu rasa ka." Tafiyar ƙafa awa huɗu ce, ƙanƙarar da ke sanyaya allura a akwatin kuma awa uku take yi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a rumfar Baba, inda za a kwance marigayi a sa shi cikin gwangwanin tsofaffin notuna. Ba a bukatar kuka, mun yi isasshe. Duk mai zuwa ta'aziyya, don Allah ya duba ɗakin ajiyarsa. Ana neman birkin rim mai dogayen hannuwa tare da hannun da ya dace da shi, da sabuwar waya, da rim ko tsoho ne in dai bai yi rami ba. Mai ido da haƙuri ya zo ya tsaya kusa da Baba.

In ba a samu ba, ranar Litinin zan roƙi matata makullin kwaɗon, in gangara da Birkin Baya shi kaɗai. Sanarwar da za ta biyo bayan wannan kuwa matata ce za ta rubuta.