Gayyar Malam Ƙamus

Duk ƙasar Gwandu, in ana zancen Turanci, to kowa ya kama bakinsa ya ba Malam Zubair wuri. Allah ya yi masa baiwa, shi kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Ya yi aikin akawu a Birnin Kebbi har furfura ta fito, sannan ya dawo Dalijan da tabarau da wani ƙamus da bangonsa ya gaji da duniya. Mutanen gari suka laƙaba masa Malam Ƙamus. Ya ɗauka sarauta ce, har yakan amsa da ɗaga hannu.

Da damina ta kama sai ya tuna da gonar gado. Ya sa aka shuka gero, ya sa aka gina sabon rumbu a tsakar gida, ya ce wa matarsa Kubura bana ta yi sallama da awo a kasuwa. Kubura 'yar garin Dangoma ce, cikin noma ta tashi. Ta dubi tafin hannunsa mai laushi kamar tuwon shinkafa, ta ce Allah ya sa.

A Dalijan ba a noman babbar gona da hannu biyu. Gayya ake yi: yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane. Ba wanda ke kiran suna, amma kowa ya san wanda ya duƙa a gonarsa. Harka ce ta ba ni gishiri in ba ka manda.

A yi wa Malam adalci, bai taɓa fashin gayya ba. Shi ne ma kan riga kowa isa, cikin farar riga, ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya buɗe ƙamus, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen kunya zai ji.

"Jama'a, ku ƙaru! Bahaushe in ya ce abu ya biyo baya, shi ke nan, ya gama. Bature kuwa kalma huɗu gare shi. Akwai folo, wannan bi ne kawai, kamar akuya bayan mai dusa. Akwai saksid, wannan gado ne, sarki ya kau ɗansa ya hau. Akwai rizolt, abin da wani abu ya haifar. Amma insiyu!" Nan sai ya lumshe ido. "Insiyu sai manya. Shi ne abin da ke faɗowa daf da bayan abu, kuma galibi ba alheri ba, kamar dambe bayan zagi."

Mutane na duƙe, gumi na zuba, ba mai tankawa. Malam ya fassara shirun da cewa ilimi ne ke ratsa su. In an kawo fura kuwa, shi ke fara sa ludayi, don maƙogwaron malami ya fi bayan manomi wahala.

Kubura ta gwada jan hankalinsa. "Malam, ka ari ko fartanya ka noma kunya guda mana, don ido."

"Kowa da abin da yake kaiwa," in ji shi. "Su suna noman ƙasa, ni ina noman ƙwaƙwalwa."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kwanci tashi, layi ya zo kansa. Ciyawa ta riga ta shaƙe geron, ganye ya fara rawaya. Da ya zaga gonar sai tsoro na gaske ya kama shi, don ko shi ya san in makon nan ya wuce ba a noma ba, sabon rumbu sai dai kaji su kwana a ciki. Ya yanka akuya, ya sa aka dama fura ƙwarya-ƙwarya, ya aika aka ɗauko makaɗin gangar noma tun daga Kalgo.

Da hantsi sai ga jama'a, ba wanda ya yi fashi. Malam ya hango su, zuciyarsa ta yi fari. Da suka matso sai ya ga kowa cikin rigar Juma'a, kowa da tabarma a hammata, babu mai fartanya ko ɗaya. Suka wuce ciyawar kamar ba su gan ta ba, suka yi sahu a inuwa.

Baba Jibrin, dattijon da ke jagorantar gayya, ya gyara zama.

"Malam, mun zaka biyan biki. Abin da kak kai muna, shi munka kawo maka. Zamna ka ƙarasa muna karatun ga, yau ba mu da aikin da zai hana mu ji."

Malam ya dubi gona. Ya dubi jama'a. Kalma ɗaya ta ban haƙuri ta isa, don wasu ma sun ɓoye fartanyunsu a bayan shinge suna jiran ya faɗe ta. Amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa samun masu sauraro irin wannan ba: zaune, shiru, ido duk a kansa. Ya gyara tabarau, ya buɗe ƙamus.

Ranar ya yi karatun da bai taɓa yi ba. Makaɗi da ya rasa manoman da zai zuga sai ya koma yi wa Malam kirari. Aka cinye akuya, aka shanye fura, aka yi ta cewa madalla. Da aka kira azahar kowa ya naɗe tabarmarsa, ya yi godiya, ya kama hanya.

Gona ta yi tsit. Sai Kubura ta zo kwashe ƙore, da tsohuwar fartanyar babanta a kafaɗa. Ta ajiye ta a gabansa, ta nuna ciyawar da ke kaɗawa har ƙugu.

"Malam, cikin huɗun nan naka, wagga wacce ce?"

Ya dubi ciyawar. Ko a wannan hali bai iya barin tambaya ta wuce ba amsa ba.

"Insiyu ce," ya ce a hankali.

Sannan ya tuɓe farar rigar.