Rasuwar Wayar da Ta Kasa Karanta Jakar Makka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki da ya gaji, Malam Barau na Kwanyawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ƙaraye da Rogo rasuwar wayarsa, ranar Talata bayan la'asar. Shekararta huɗu a hannunsa.

Marigayiya ba mai yawan kira ba ce. Baiwarta guda: karatun 'yan layukan nan baƙaƙe da ake bugawa jikin kwali. In aka goge mata ido da bakin riga, aka ba rana baya, aka riƙe ta taƙi ɗaya daga zanen, aka ɗauke numfashi, sai ta ce "ƙit", ta fito da sunan abu. Ta karanta sabulu da ganyen shayi da maganin feshi. Malam ya gwada ta a kan gashin zabuwa, da saƙi, da zanen fuskar maƙwabcinsa Mijinyawa. Nan ta yi shiru, don tana da kunya.

Abu guda ya gagare ta. Shekara uku ke nan da Hajiya Barira, uwargidan Malam, ta dawo daga Makka da jakar da ba tata ba. Kala ɗaya, girma ɗaya, amma kwaɗon ba nata ba ne, kuma babu suna, sai wata doguwar takarda mai layuka a maƙale a hannun jakar, duk ta yamutse. Malam ya hana a buɗe. Ya ce amana ce, mai ita yana can wani gari yana jira, kuma sunansa na cikin layukan nan. Kullum da hantsi sai ya fito da jakar tsakar gida, ya durƙusa, ya saita marigayiya. Ba ta taɓa cewa "ƙit" ba. Hajiya takan ce, "Malam, gwiwarka za ta riga wayar nan mutuwa."

Ciwon ajali ya zo ta hanyar shawara. Mijinyawa ya ce yamutsewar ce ke hana ta, a goge takardar. Aka zuba garwashi a dutsen guga, aka ɗora. Da aka ɗaga, takardar ta miƙe sumul, amma ta koma baƙa ƙirin, ba layi ko ɗaya. Malam ya riƙe marigayiya a kan takardar cikin rana tun azahar, har ta yi zafi, cikinta ya kumbura, ta yi wani ɗan kuka da ba a taɓa jin irinsa ba, idonta ya rufe.

Ta bar caja ɗaya mai ɗauri da zare, da rigarta ta roba, da jakar.

Liman ya ce ba a yi wa waya salla, Malam kuma bai yi musu ba. Za a naɗe ta a ƙyalle, a sa ta cikin gwangwanin madara, a ajiye a kan jakar, gobe da hantsi, lokacin da ta saba fitowa aiki. Ana karɓar gaisuwa a zaure. Masu shawara su bar ta a gida.

Mijinyawa ya riga kowa zuwa. Ya zauna nesa da dutsen guga, sannan ya ce, "To Malam, yanzu jakar fa, a buɗe?"