Yadda Za Ki Ɓoye wa Makaranta Cewa Ba Kya Ganin Allo

Ƙanwata, idan rubutun allo ya koma miki kamar tururuwa a jere, kuma kin rantse ba za ki sa tabarau 'yan aji su riƙa kiranki Ido Huɗu ba, to kin zo inda ya dace. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbacin za ki gama sakandare ba wanda ya gano. A kan Autar gidanmu na gwada su, sun kuma yi aiki tsaf, har sai da ta yi sakaci da kanta.

1. Maƙwabciya ake zaɓa, ba kujera ba

Kada ki zauna gaba, nan idon malami yake sauka. Kada ki zauna can baya, nan ake farautar marasa ji. Ki nemi tsakiya, kusa da mai manyan baƙaƙe, ki riƙa kwafa. Amma fa da hankali. Auta ta taɓa kwafe darasin tarihi har da "don Allah ara min biro" da maƙwabciyar ta rubuta mata a gefen shafi.

2. Ki mai da ƙanƙance ido ya zama ilimi

Duk sanda kika ƙanƙance ido kina leƙen allo, ki dafe haɓa, ki gyaɗa kai a hankali. Malamin lissafi zai ɗauka zurfin tunani ne. In ya ce ki karanta layin farko, ki ce, "Malam, ni tambayar ce ma ban gamsu da ita ba." Shi ke nan, zai yi ta bayani har a buga ƙararrawa. Bincikena ya nuna ba malamin da yake iya wuce tayin ƙarin bayani.

3. Ki yi nesa da ƙwallo

Makarantun yanzu ba sa barin mutum ya huta. Dole kowa ya shiga wata ƙungiya, wai don a gano baiwarsa. To ƙwallo ba ta riƙe sirri. Auta ta shiga ƙwallon raga, ƙwallo ta sauka a goshinta tim, sannan ta ɗaga hannu za ta tare. Ki shiga ƙungiyar muhawara, can baki kawai ake nema. Auta kuwa dama bakin nan akwai shi, ba a jima ba ta zama ta gaban goshi.

4. Ki ji tsoron Malama Mai Shawara

Nan ne haɗarin yake. Ofishinta a ƙarshen baranda, da kujera mai laushi, da fanka, da tukunyar fure a taga. Ba ta tsawa, ba ta riƙe bulala. Sai dai "Ya gida? Kin karya kuwa? Me yake damunki?" Mai tsawa kin san ta inda za ki kauce masa, wannan kuwa sai kin zauna kin saki jiki.

Kuma gulma suke yi a ofishin malamai. Malamin wasanni ya kawo labarin goshi, malamar tarihi ta kawo na biro, ita kuma ta haɗa. Ta kira Auta, suka yi ta hira, can ta ce, "Auta, duba min agogon bangon can, ƙarfe nawa?"

Auta ta ce, "Malama, ai lokaci na Allah ne."

Malama ta yi dariya har da share hawaye. Kafin mu farga ta kira Mama, an kai Auta wajen likitan ido, an dawo da ita kujerar gaba. Ido Huɗun ma kwana kaɗan aka yi ana kira, aka gaji.

5. In an kama ki, kada ki sa tabarau ranar muhawara

Wannan ki rubuta shi da babban baƙi. Babanmu bakanike ne, ba mai yawan magana ba. Auta ta daɗe tana yi min mita a ɗaki, wai iyayen kowa suna zuwa kallon muhawara ban da shi. Ranar na je raka ta. Ta hau dandamali da sabon tabarau, ta gaida alƙalai, ta ɗaga kai. Can bakin ƙofar zauren, bayan kujeru, ga Baba tsaye da kayan gareji, hannunsa a sama.

Maganar ta gudu. Makarantarsu ta sha kaye, ba ko tausayi.

Tana sauka ta ruga wajensa. "Baba, yau ka zo!"

Ya ce, "Yau? Wace muhawara kika taɓa yi ban zo ba, Auta? In ɗaga miki hannu, ki wuce ni da ido. Na ɗauka kayan aikin nan ne ba kya so ƙawayenki su gani. Shi ya sa nake tsayawa nan, in koma gareji kafin a tashi."

Ta riƙe hannunsa tana kuka, ta ja shi har gaban ƙawayen, ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ga Babana." Farar rigar makaranta ta sha baƙin mai, kuma ni aka bar wa wankin. Wallahi ni ma na yi kuka, kuma ba na wankin ba ne.

Sanarwa

Duk wadda ta bi matakan nan, ita ta jiyo. Ba ruwana da ƙulun goshi, ba ruwana da jan biro a jarrabawa. Haka kuma in akwai wani tsaye a bakin ƙofa yana ɗaga miki hannu, har ya gaji ya sauke, kada ki ce ni na sa ki.