Shehin Sukari Da Ƙwayar Da Ta Ƙi Mutuwa

Wanda bai ga Farfesa yana shiga ɗakin bincike ba bai san martabar ilimi ba. Farar rigarsa ba ta taɓa ɗaukar tabo ba, domin tabo sai mai aiki, shi kuwa ya daɗe da wuce wannan matsayi. Abokan aiki suna kiransa Shehin Sukari. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Ilimin nasa jumla guda ce, amma ya yi shekaru yana cin abinci da ita. Ƙwayar ciwon barci, wadda ƙudan tsando ke zuba wa mutum a jini, a cewarsa da sukari kaɗai take rayuwa. "A hana ta sukari," yakan ce yana ɗaga yatsa, "ta mutu. Ni na faɗa, kuma ban saba maimaita bincike ba, sai dai a maimaita ni."

Wasu masana sun rubuta cewa ƙwayar ba ta da wannan tsantseni. A cikin ƙuda takan ƙona sinadaran furotin ta sami ƙarfi, kuma in sukari ya yanke takan koma wa gilisarin, wani ruwa mai yauƙi da ake samu daga kitse. Farfesa yana da hanyarsa ta auna irin waɗannan takardu: sai ya buɗe shafin ƙarshe ya nemi sunansa. In babu, takardar ba ta inganta ba.

Da wa'adin shugabancinsa na cibiyar ya zo ƙarewa, aka ce kwamiti zai zo ya duba ko ya cancanci ƙari. Kujerar nan ita ce motarsa, ita ce gaisuwar da yake samu a baranda. Ya yanke shawarar kashe ƙwayar a gaban idonsu, kuma da hannunsa, don kada a raba yabo da kowa.

Ya kori kowa daga ɗakin. Ya ciro ƙwayoyin daga firiza ya narkar, ya juye su gaba ɗaya cikin ruwan da ake kiwon su a ciki, amma marar sukari. A cikin gilisarin ake daskarar da su don kada ƙanƙara ta farfasa su, kuma ƙa'ida ita ce a wanke su kafin a juye. Amma wanki aikin ƙananan ma'aikata ne. Ya saka su a akwatin ɗumi, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Bai leƙa ba ko sau ɗaya, saboda leƙawa alamar shakka ce.

Ranar kwamiti ya yi jawabi mai tsawo, ya gode wa kansa a wurare da dama. "Ranku ya daɗe, yanzu za ku ga maƙabarta," ya ce, ya ɗiga ruwan ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya kunna allo.

Allon ya cika da ƙwayoyi suna wutsil-wutsil, suna kaɗa jela, wasu ma suna tsakiyar rabewa biyu.

"Wannan shure-shuren mutuwa ne," in ji Farfesa.

Shugabar kwamitin, wadda suka yi aji ɗaya da shi tun suna ɗalibai, ta gyara tabarau. "Shehi, mamatan naka haihuwa suke yi. Ka wanke su kuwa da ka ciro su?"

"Hajiya, ni ne zan yi wanki?"

"To ai ka rufe su ne da guzurinsu."

Mai hankali zai lura da girman abin. Halitta ce mai tantani guda, ba kwanya, ba digiri, amma da aka toshe mata hanya ta nemi wata. Mutumin da ya tara digirori ya riƙe hanya guda har ta kai shi bango.

Kujera ta tafi, mota ta bi ta. Sai dai kada a yi masa rashin adalci a ce bai koyi komai ba. Yanzu yana gidan surukinsa, ya karɓe ɗakin baƙi da kujerar kusa da fanka, an rasa yadda za a fitar da shi. An yanke masa sukari, ya sami gilisarin, kuma masu gidan ne suke ramewa.